WURAREN SHAƘATAWA A DUTSE DA KEWAYENTA

Idan kaka ta yi, an kai amfanin gona gida, jiki yana bukatar hutu. Amma hutu iri biyu ne. Akwai wanda ke ƙara wa mutum lafiya da ilimi. Akwai kuma wanda ke cinye kuɗin gyaɗa da na riɗi a teburin caca. To, ina mutumin Dutse yake zuwa idan yana son hutu mai amfani?

GARU DA DUWATSUNTA

Dutse ta zama babban birnin Jihar Jigawa ranar 27 ga watan Agusta, 1991, lokacin da aka cire jihar daga tsohuwar Jihar Kano. Amma garin ya daɗe da kafuwa. Daga duwatsun da suka kewaye shi ya samo sunansa.

Tsohon gari shi ne Garu. A nan fadar Sarkin Dutse take, a tsakiyar duwatsu. An ƙawata bangonta da zane-zanen magina masu launi iri-iri. Da la'asar, idan rana ta yi sanyi, magidanci kan ɗauki 'ya'yansa su hau dutse. Daga can sama za su hango gari da gonaki da itatuwan dabino. Wannan kallo ba ya cin ko kwabo.

Lokacin sallah kuwa, Garu ba masaka tsinke. Sarki da hakimai sukan yi hawa. Ga dawaki da ado, ga 'yan bindiga, ga masu algaita. Mutanen ƙauyuka sukan shigo tun da sassafe domin su sami wurin tsayawa.

DANDALI DA FILIN WASA

A sabon gari akwai Dandalin Malam Aminu Kano. A nan ake yin manyan tarurrukan gwamnati da bukukuwa. Masu son ƙwallon ƙafa kuma suna da ƙungiyar jiha, wato Jigawa Golden Stars. Samari da yawa sukan cika gidajen kallo domin ganin wasannin Ingila da Sifen a talabijin. Kallo ba laifi ba ne. Laifin shi ne gardama ta kai ga faɗa, ko yaro ya bar makarantar dare saboda ƙwallo.

Akwai kuma filin wasan golf wanda marigayi Sarkin Dutse, Alhaji Nuhu Muhammadu Sanusi, ya kafa. Sarkin ya rasu a 2023. Golf wasa ne da ake bugun 'yar ƙaramar ƙwallo da sanda har ta faɗa rami. An shuka itatuwa masu yawa a filin. Wannan darasi ne ga kowa: wurin hutu ba ya daɗi sai da inuwa, inuwa kuma sai an dasa itace.

KASUWA DA BAKIN RUWA

Ranar Litinin kasuwar Shuwarin take ci. Ba ciniki kaɗai ke kai mutum ba. A nan ake haɗuwa da 'yan'uwa, a ci tsire, a sha fura, a ji labarin farashin hatsi da na dabbobi.

Wasu kuma sun fi son bakin madatsar ruwa ta Warwade, inda masunta ke kamun kifi. A nan sai an yi hattara. Kada a bar yara su shiga ruwa su kaɗai. Kada a shiga kwalekwalen da aka cika fiye da kima. Rigakafi ya fi magani.

ZANEN MUTANEN DA A BIRNIN KUDU

Wanda ke da kuɗin mota, ya daure ya je Birnin Kudu. Tafiyar ba ta kai awa guda ba. A Dutsen Habude da Dutsen Mesa akwai zanen shanu a jikin dutse, wanda mutanen da suka yi. A shekarun 1950 masana suka fara nazarinsa. Abin mamaki, wasu shanun ba su da tozo. Wannan ya nuna an taɓa kiwon wasu irin shanu dabam da namu a wannan ƙasa. Akwai kuma duwatsun da idan an buge su sai su yi ƙara kamar kuge. Gani ya kori ji.

HAKKIN DA KE KANMU

Waɗannan wurare gado ne. Idan aka kankare zane, ko aka rubuta suna a kansa da gawayi, ba mai iya mayar da shi. Idan aka fasa dutsen tarihi aka sayar da tsakuwa, ya tafi ke nan har abada.

Saboda haka jama'a, a kiyaye abubuwa uku. A nemi izinin masu kula da wuri kafin a shiga. Kada a zubar da leda ko shara. A tafi da yara, a sa su karanta allunan da ke bakin hanya da bakinsu. Ta haka an huta, an kuma yi bitar karatu. Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi.