Ƙuda Mai Babban Kai: Ƙirar Jikin Pipunculus campestris da Hanyar Shaida Shi

1. Suna

Kalmar ƙuda a Hausa tana da faɗi ƙwarai. Da na gida mai sauka a kan tuwo, da na tsando mai kawo sammore ga shanu, har da na zuma, duka ƙuda a ke ce musu, sai a ƙara wata kalma a baya don a rarrabe. Masana ƙwari ba su yarda da wannan faɗin ba. A wurinsu ba a kiran ƙwaro ƙuda sai yana da fukafukai biyu tak, a bayansu kuma akwai waɗansu 'yan sanduna biyu masu kai kamar na kulki, waɗanda ya ke daidaita tashinsa da su. Wannan babbar ƙungiya ita a ke kira Diptera, watau masu fiffike biyu. Bisa ga wannan ƙa'ida sauro ƙuda ne, ƙudan zuma kuwa, da ya ke fukafukansa huɗu ne, ba ya ciki.

A cikin wannan ƙungiya akwai wani dangi da a ke kira Pipunculidae, wanda Turawan Ingila su ke yi wa laƙabi da ƙudaje masu babban kai. Malamin da zai fassara laƙabin ya kula, kada ya ce “mai girman kai”, gama wannan hali ne na ɗan Adam, ba siffar jiki ba; “mai babban kai” ko “mai ƙaton kai” shi ne daidai. Laƙabin ma kansa bai cika ba, domin abin da ya yi girma a jikin ƙudan nan idanu ne, su ne su ka mamaye kan kusan duka. Shi ya sa Jamusawa su ke kiransa da sunan da ma'anarsa ita ce ƙudan ido. An san iri fiye da 1,400 na dangin nan a duniya, saboda haka wanda ya ce ya ga ƙuda mai babban kai, dangi kaɗai ya ambata. Kafin ya kai ga iri guda akwai matakai a gabansa, kowane mataki kuwa da gaɓar jikin da a ke dubawa.

Irin da a ka zaɓa a nan shi ne Pipunculus campestris, ƙudan ƙasashen Turai, wanda a ke samu a makiyaya da gefen gonaki cikin watannin ɗumi. Wani masani Bafaranshe, Pierre André Latreille, shi ya kafa jinsin Pipunculus a 1802, wannan iri kuwa shi ne ma'aunin jinsin, watau da shi a ke gwada sauran. Daga sunan jinsin ne Francis Walker ya ciro sunan dangin duka a 1834. Kalmar campestris Latin ce, ma'anarta na fili ko na saura.

Wanda ya buɗe tsofaffin littattafai zai ga waɗansu suna rubuta Dorilas da Dorilaidae a gurbin waɗannan sunaye. Dalili kuwa, wani Bajamushe, Johann Wilhelm Meigen, ya buga wata 'yar takarda a 1800 mai ɗauke da sunayen ƙudaje, ta daɗe a mance, da a ka tono ta sai waɗansu su ka ce sunayenta ne su ka riga, dole a bi su. Gardama ta yi tsawo, har hukumar duniya mai kula da sunayen dabbobi ta soke takardar a 1963, Pipunculus ya tabbata. Duk inda mai karatu ya ga sunayen biyu, ƙuda ɗaya a ke nufi.

2. Kai da Idanu

Ƙudan nan ƙarami ne, baƙi, tsawonsa wajen milimita 4 ko 5, watau bai kai rubu'in inci ba. Jikinsa kashi uku ne kamar na sauran ƙwari: kai, da ƙirji, da ciki. Kan a dunƙule ya ke kamar ƙwallo, ya kan fi ƙirji faɗi, yana maƙale da wani siririn wuya, har idan ƙudan ya bushe ƙaramin girgiza ya isa ya tsinke shi. Mai tara su ya san wannan, gama ƙuda marar kai ya rasa rabin shaidarsa.

Manyan idanun nan biyu, kowane ɗaya taron 'yan ƙwayoyin ido ne masu yawa, a jere kamar saƙar zuma. A nan ne a ke fara rarrabe namiji da tamata. Idanun namiji sun haɗu a bisa goshi, babu rata tsakaninsu. Na tamata ba su haɗu ba, akwai siririn goshi a tsakani, kuma ƙwayoyin idonta na gaba sun fi na gefe girma a fili. Wannan yana da nasaba da aikinta, domin ita ce mai farauta, tana bukatar ganin abin da ke gabanta sosai. A tsakiyar ka akwai waɗansu ƙananan idanu uku, a jere kamar duwatsun murhu.

Fuska 'yar siririya ce, a matse tsakanin idanu. A bisanta akwai ƙahoni biyu na ji da sansana, kowanne gaɓa uku. Gaɓa ta uku tana fuskantar ƙasa, da ɗan tsini, a bayanta kuma wani dogon gashi guda ya fito. Baki ƙarami ne mai laushi, na lasa, ba ya cizon mutum ko dabba. Abincin babba shi ne ruwa mai zaƙi da ƙananan ƙwari su ke bari a kan ganye, irin wanda manomi ya sani da sunan darɓa.

3. Ƙirji, Fukafukai da Ƙafafu

Fukafukan dogaye ne, sirara, garau kamar gilashi, sun zarce ƙarshen ciki. Da su ya ke iya tsayawa cik a iska, ya kutsa tsakanin ciyayi a hankali ba tare da ya taɓa su ba. Jijiyoyin fiffike sun raba shi ɗaki ɗaki, tsarin nan kuwa ba ya sakewa a cikin jinsi guda, shi ya sa masana su ka dogara da shi. A Pipunculus abu biyu a ke dubawa. Na fari, a gefen gaba na fiffike, wajen tsakiya, akwai wani tabo mai launin ƙasa. Na biyu, jijiyar da ta fito daga ɗakin tsakiya zuwa bakin fiffike guda ce, ba ta yi reshe ba.

A gefen ƙirji, can gaba, daidai bayan kai, akwai waɗansu 'yan gasu da su ka bazu kamar mafici. Bayan ƙirji kuwa, watau samansa, gajerun gasu sun rufe shi ko'ina bai ɗaya. Waɗannan alamu biyu ƙanana ne, ba a ganinsu sai da madubi mai ƙara girman abu, amma su ne mabuɗin jinsin.

Ƙafafu shida ne. Cinyoyin yawanci baƙaƙe ne, gwiwoyi da wani sashi na ƙwauri kuma rawaya rawaya. A ƙarshen kowace ƙafa akwai farata biyu da waɗansu 'yan tafuka masu kama abu. Na tamata sun fi na namiji girma, don da su ta ke riƙe abin da ta kamo.

4. Ciki da Rayuwa

Cikin namiji ya ƙare da wani dunƙule, inda gaɓoɓin barbara su ke a naɗe ta ƙasa. Na tamata ya ƙare da wani tsinke mai ƙarfi, a lanƙwashe ƙarƙashin ciki, wanda ba na harbi ba ne irin ƙarin kunama, na saka ƙwai ne. Ba a gane amfanin duk wannan ƙira sai an san yadda ƙudan ya ke haihuwa.

Akwai waɗansu ƙananan ƙwari masu tsalle a kan ciyawa da ganye, suna tsotson ruwan tsiro, danginsu Cicadellidae. A nan za a kira su 'yan-tsallen ganye. Tamata ta kan yi ta shawagi cikin ciyawa har ta hango ɗaya, ta cafke shi da ƙafafunta, ta soka masa tsinken a ciki, ta saka ƙwai guda, sa'an nan ta sake shi. Ƙwan ya ƙyanƙyashe, tsutsa ta zauna a cikin cikin ƙwaron tana ci, shi kuwa yana yawonsa, cikinsa yana kumbura, gaɓoɓin haihuwarsa suna lalacewa. Tsutsar yawancin ƙudaje irin na gida tana bin mataki uku kafin ta cika, ta wannan kuwa biyu ta ke bi. Idan ta ƙosa sai ta cinye abin da ya saura, ta fasa jikin ƙwaron ta fito, ta faɗa ƙasa ko cikin busasshen ganye, fatarta ta taurare ta zama kwanso, daga ciki kuma sabon ƙuda ya fito.

Tun da ya ke 'yan-tsallen ganye da 'yan'uwansu suna ɓarnar amfanin gona, suna kuma yaɗa cututtukan tsiro, masana aikin gona sun daɗe da lura da dangin nan. A 1905 R. C. L. Perkins, wanda ya ke binciken ƙwaron da ya addabi gonakin rake a tsibiran Hawai, ya buga bayani a kan Pipunculidae cikin jerin abokan gāban ƙwarin. An daɗe ana zaton dangin duka a kan irin waɗannan ƙwari su ke rayuwa, sai a 2007 a ka bayyana cewa tsutsar jinsin Nephrocerus tana girma ne a cikin waɗansu ƙudaje masu dogayen ƙafafu, masu kama da ƙaton sauro, na jinsin Tipula.

5. Matakan Shaida

Mataki na fari shi ne tabbatar da dangi. Waɗanda a ka fi rikita su da shi su ne ƙudajen furanni, Syrphidae, gama su ma suna tsayawa cik a iska. Amma a fiffiken mafi yawansu akwai wata jijiyar ƙarya da ta ratsa tsakiya ba ta haɗu da kome ba, wadda Pipunculidae ba su da ita. A dā ana ɗaukar dangogin biyu 'yan'uwan juna na kusa. Binciken ƙwayoyin gado na wannan ƙarni ya nuna Pipunculidae sun fi kusa da babbar ƙungiyar da ƙudan gida ya ke ciki.

Mataki na biyu shi ne ware jinsi, a bi da bi. Idan akwai dogayen gasu tsakanin ƙananan idanun nan uku na tsakiyar ka, ƙeya kuma siririya ce, to, Chalarus ne ko ɗan'uwansa. Idan ƙudan babba ne, bayan idonsa kuma ya lotsa ciki, Nephrocerus ne. Idan babu tabo a gefen fiffike, a nemi Tomosvaryella ko Dorylomorpha. Idan akwai tabo amma babu maficin gashi a gefen ƙirji, Eudorylas ne ko na kusa da shi. Idan akwai tabo da mafici, sai a duba bayan ƙirji: gasu a layi biyu alamar Cephalops ce, gasu ko'ina kuwa alamar Pipunculus.

Mataki na uku shi ne mai wuya. Ire-iren Pipunculus na Turai sun yi kama da juna ƙwarai, launin ƙafa da ƙyallin ciki kuma su kan bambanta ko a cikin iri ɗaya, saboda haka ba a yanke hukunci da su. Sai an yanke ƙarshen cikin namiji, a jiƙa shi cikin ruwan magani mai narkar da tsoka, a sa shi ƙarƙashin madubi, a gwada siffar gaɓoɓin barbara da zanen da masana su ka yi. A tamata kuwa tsawon tsinke da lanƙwasarsa da siffar gindinsa a ke dubawa, ko da ya ke shaidarta ba ta kai ta namiji ƙarfi ba. A yau a kan ƙara da gwajin ƙwayoyin gado, wanda ya ke taimakawa wajen haɗa tamata ko tsutsa da namijin irinsu. Jagoran da R. L. Coe ya buga a 1966 don ƙudajen Ingila ya daɗe yana amfani, amma an yi gyare-gyare da yawa a bayansa, ba a dogara da shi shi kaɗai.

6. Abin da ya Shafi Malami

Malamin da ya kaɗa ragar kama ƙwari cikin ciyawa da damina a Zariya ko a Maraɗi yana iya kamo ƙuda mai babban kai, domin dangin yana nan a Afirka. Kada ya yi gaggawar sa masa sunan campestris don ya ga hoto mai kama da shi a littafin Turai. Jinsunan da su ka fi yawa a Afirka kudu da Sahara su ne irin su Eudorylas da Tomosvaryella da Cephalops, kuma D. Elmo Hardy da Marc De Meyer sun yi rubutu a kan na wannan nahiya. Abin da malami zai iya yi da madubin hannu shi ne ya nuna wa ɗalibai idanu, ya rarrabe namiji da tamata, ya nemi tabon fiffike. Ya rubuta wuri da rana a 'yar takarda, ya ajiye ƙudan da kansa a jikinsa. Idan shaidarsa ta tsaya a dangi, ya rubuta sunan dangi. Idan ta kai jinsi, ya rubuta na jinsi. Sunan iri kuwa ya bar shi sai an duba namiji.