Me Ya Sa Ciwon Daji Ke Zaɓen Inda Zai Yaɗu?

A shekarar 1889, wani likitan tiyata ɗan Ingila, Stephen Paget, ya duba bayanan mata 735 da sankarar mama ta kashe. Ya lura cutar ba barkatai take yaɗuwa ba, ta fi kama wasu sassan jiki, irin su hanta. Sai ya kwatanta ƙwayar cutar da iri, sashen jiki kuma da ƙasa: iri kan faɗa ko'ina, amma sai inda ƙasa ta karɓe shi yake tsirowa.

Wannan yaɗuwar ce ke kashe yawancin masu ciwon daji. Shi ya sa har yau masana ke neman sanin abin da ke sa “ƙasar” ta karɓi “irin”.

A da, sai an markaɗe tsokar da aka yanko kafin a auna ƙwayoyin gadon da ke aiki cikinta. Kamar markaɗen kayan miya ne: ka san akwai tattasai da albasa, amma ba ka san inda kowanne yake ba. A 2016, masana a Suwidin suka fito da dabarar yin awon a kan siririn yankin tsoka, kowace ƙwaya tana mazauninta. Yanzu ana iya zana taswirar ƙari, a ga waɗanne ƙwayoyin garkuwar jiki ne ke maƙwabtaka da na cutar.

Masu digirin digirgir a wannan fanni kan shafe shekaru tsakanin ɗakin gwaji da kwamfuta, domin taswirar ba ta karantuwa sai da lissafi. Don haka ɗalibi mai son bayoloji, kada ka yi wasa da darasin lissafi.