Ko Kun Sani? Abin da Ke Dusashe Hoton Tsuntsu

Hoton tsuntsu kan fita garau a kyamara, amma da an tura shi ta waya sai ya koma dishi-dishi. Dalili kuwa, tsarin adana hoto na JPEG, wanda ya fito a 1992, yana rage nauyin hoto ne ta hanyar yayyanka shi ƙananan murabba'ai masu ɗigo 8 a tsaye, 8 a kwance, sannan ya zubar da siraran layukan da ido bai cika lura da su ba. To, gashin tsuntsu kuwa duk siraran layuka ne, shi ya sa tukkun gauraka ke riga sauran jikinta dagulewa. Kowane gyara da sake adanawa ƙarin asara ne. Mai son hotonsa ya isa yadda ya ɗauke shi, sai ya tura a WhatsApp a matsayin fayil.