Wutar Lantarki Ba Kyautar Gwamnati Ba Ce

Akwai wata fahimta da ta yi kaka-gida a unguwannin Kaduna ta Arewa, tun daga Doka har Unguwar Shanu da Kawo, cewa wutar lantarki kayan gwamnati ce, don haka wanda ya zagaye mita ko ya saƙala waya a kan falwaya cikin dare bai cuci kowa ba. Abin takaici, a cikin masu faɗin haka har da mutanen da ba za su iya ɗaukar tsinken wani a kasuwa ba.

Masana tattalin arziki suna sanya wuta da ruwan famfo cikin harkokin da ba sa karɓar gasa, domin ba zai yiwu kamfanoni biyu su kafa turaku ko su binne bututu a layi ɗaya ba, shi ya sa ake kafa hukumar da za ta yanke farashi ta kuma sa wa kamfani ido. A Najeriya wannan aiki na hukumar NERC ne, wadda dokar 2005 ta samar. Rarraba wuta kuwa ya koma hannun 'yan kasuwa tun 2013, sai dai kamfanin rarraba wuta na Kaduna, mai hedikwata a titin Ahmadu Bello, wanda ke kula da Kaduna da Sakkwato da Kebbi da Zamfara, ba a miƙa shi ba sai a ƙarshen 2014.

Wutar da aka sata kuwa ba a asusun gwamnati take tsayawa ba. A 2020 Robin Burgess da Michael Greenstone da abokan aikinsu suka wallafa nazari a kan jihar Bihar ta Indiya, inda suka nuna cewa idan jama'a suka ɗauki wuta a matsayin haƙƙin da ba a biya, kamfani yana faɗuwa a kan duk abin da ya raba, faɗuwar tana tilasta masa rage awoyin da yake bayarwa, ƙarancin wutar kuma yana ƙara wa mutane hujjar ƙin biya. Wani binciken Bankin Duniya na 2016 ya duba ƙasashe 39 na kudu da Sahara, ya tarar biyu kaɗai, Yuganda da Seychelles, ke tara kuɗin da ke rufe dukkan abin da suke kashewa a harkar wuta. Kaduna ma ta ɗanɗana: a Janairun 2024 NERC ta rushe hukumar gudanarwar kamfanin saboda bashin kusan naira biliyan 110. Wanda ke biyan wannan asara a ƙarshe shi ne telan da ke zaune da ɗinkin sallah ba wuta, da mai walda, da mai sayar da ƙanƙara da ya koma sayen fetur don janareto. Ɓarawon wuta maƙwabcinsa yake cuta, kuma kiran abin da sunan wayo ba ya halatta shi.

Ba a wanke kamfani ba, domin sakaci wajen gyara da bil na ƙiyasi su ma sun ɓata lamarin. Sai dai maganinsu yana cikin doka, kuma akasarin masu ƙorafi a majalisar unguwa ba su taɓa neman sanin ta ba. Mai gida ya fara da neman mita mai kati, tunda ita ce ke raba gardama tsakanin abin da aka sha da abin da aka rubuta. Wanda bai samu ba ya sani cewa tun 2020 NERC ta ƙayyade iyakar ƙiyasin da za a iya ɗora masa. Ya kuma binciki rukunin layinsa, domin rukunin A, wanda aka ɗaga kuɗinsa zuwa naira 225 kan kowane yunit a Afrilun 2024, an yi masa alkawarin aƙalla awa 20 a rana, B awa 16, C awa 12, kuma wanda ke rubuta lokacin kawo wuta da ɗauke ta a littafi yana da hujjar da ta fi ihu. Sayen taransifoma da turaku da waya nauyin kamfani ne, ba na 'yan unguwa masu karo-karo ba. Ƙorafi kuma a rubuce ake kai shi ofishin kamfani, a karɓi shaida, in ba a share hawaye ba a wuce ofishin sauraron koke na NERC, a kuma adana kowane rasit.

Ruwa ma hakan take. Binciken Bankin Duniya na 2005 ya nuna cewa tallafin da ake zubawa a farashin ruwa da wuta ya fi amfanar masu hali, domin su ne bututu ya kai gidajensu, alhali talakan da ruwan matatar Malali ta Kaduna bai isa layinsu ba jarka-jarka yake saye a hannun 'yan ga-ruwa, kan kuɗin da ya zarce na famfo.