Cutar CMT: Yadda Kwafi Ɗaya A Cikin DNA Ke Kashe Ƙarfin Ƙafa

Duk wanda ya taɓa rubuta manhaja ya san ba kuskuren harafi kaɗai ke lalata aiki ba. Wani lokaci layin daidai yake, sau biyu kawai aka liƙa shi. Irin wannan ce ke faruwa a nau'in da ya fi yawa na cutar Charcot-Marie-Tooth, wato CMT, cutar gado da ke taɓa jijiyoyin da ke kai saƙo ƙafafu da hannaye. Likitoci uku ne suka bayyana ta a 1886, biyu a Faransa, ɗaya a Ingila, kuma ana ƙiyasin tana samun mutum 1 cikin 2,500.

Ɗauki jijiya kamar wayar caja: akwai zaren ciki, akwai robar da ta lulluɓe shi. Ƙwayar gado mai suna PMP22, da ke kan kromosom na 17, tana cikin masu gina wannan robar. Kowa na da kwafi biyu, na uwa da na uba. A 1991 aka gano masu nau'in CMT1A uku gare su. Robar sai ta lalace, saƙon da ya kamata ya yi gudun mita 50 ko fiye a daƙiƙa ya dawo ƙasa da 38. Jijiyoyi mafiya tsawo ke fara gazawa, shi ya sa abin ke farawa daga ƙafa: yawan tuntuɓe, tafin ƙafa ya lanƙwashe, ƙwauri ya rame. Idan kuma kwafi ɗaya ya ɓace, wata cutar ce daban, HNPP.

Ƙwayoyin gado sama da 100 aka danganta da CMT, amma labarin SORD ya fi ɗaukar hankalina. Sai a 2020 aka gano ta, alhali an daɗe ana karanta DNA na marasa lafiyar. Dalili? Na'urorin da aka saba amfani da su gutsure-gutsure suke karantowa, harafi kamar 150, sai manhaja ta jera kowane guntu inda ya fi kama. SORD kuwa tana da tagwaiyar da ba ta aiki, SORD2P, kusan kamar an tsaga kara. Manhajar sai ta riƙa kai guntayen gidan tagwaiyar, matsalar ta ɓuya. A ganina wannan kuskuren manhaja ne tsantsa, kuma na'urori masu karanta dogon zare, irin MinION ta Oxford Nanopore da ake jonawa da kwamfuta ta USB, suna rage irinsa.

Nau'in SORD sai an gaji gurɓataccen kwafi daga uwa da uba duka, don haka auren zumunci na ƙara yiwuwarsa. CMT1A kuwa kwafin iyaye ɗaya ya isa, kowane ɗa na da kashi 50 cikin 100 na gadonsa. Har yanzu babu maganin da ke warkar da CMT. Gashi, motsa jiki, takalmin tallafi da tiyatar ƙafa ake dogaro da su.