Waƙar da ta azurta kowa ban da masu ita

A tsakiyar shekarun 1950, wasu yara biyar na unguwar Washington Heights a birnin New York sukan taru a bakin titi su yi ta rera waƙa, babu ganga babu jita. Sherman Garnes ne mai kakkaurar murya da ke riƙe ƙasa, Jimmy Merchant da Joe Negroni da Herman Santiago suna amshi. Ƙaraminsu kuwa, Frankie Lymon, muryarsa siririya ce, tana tashi sama tas. Wannan salon ne ake kira doo-wop. Uku daga cikinsu baƙaƙen fata ne, biyu kuma 'yan asalin Puerto Rico.

Wani mawaƙi mai suna Richard Barrett ya ji su, ya kai su wurin George Goldner, mai kamfanin faifai na Gee. A farkon 1956 waƙarsu "Why Do Fools Fall in Love" ta fito da sunan The Teenagers. Frankie na da shekara 13. Waƙar ta kai mataki na 6 a jerin waƙoƙin Amurka, a Ingila kuwa ta hau na ɗaya. Kafin a ankara, yaran da ke waƙa a ƙofar gidajen haya sun tsaya a dandalin London Palladium a 1957.

A wannan shekarar abubuwa suka fara lalacewa. An ga Frankie yana rawa da wata yarinya farar fata a shirin talabijin na Alan Freed, sai masu tashoshi a kudancin ƙasar suka tada jijiyar wuya, aka soke shirin. Sannan aka raba shi da abokansa don ya riƙa waƙa shi kaɗai. Da ya balaga murya ta sauya, kasuwa ta juya masa baya, ga shi tun yana ɗan shekara 15 ya faɗa shan hodar heroin. Ranar 27 ga Fabrairun 1968 aka tsinci gawarsa a gidan kakarsa a Harlem. Shekararsa 25.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne kuɗin waƙar. Goldner ya saka sunansa cikin marubutanta, daga baya sunan wani mutum, Morris Levy, ya maye gurbinsa, kuɗi suka riƙa kwarara aljihun manya. Da Diana Ross ta sake rera ta a 1981, mata uku suka je kotu kan kuɗin waƙar, kowace na cewa ita ce matar marigayi Frankie. Ɗaya daga cikinsu, Emira Eagle, ce ta yi nasara.

Garnes ya rasu a 1977, Negroni a 1978. Santiago da Merchant, da suka rage, sun kai ƙara, kuma a 1992 kotu ta yarda cewa da hannunsu a rubuta waƙar. A 1996 kotun ɗaukaka ƙara ta rushe hukuncin, ta ce sun makara wajen shigar da ƙarar.