Kafin A Dangwala Yatsa A Takardar Bashi

Jama'ar Zango, mun sha ganin ɗan'uwa ya matsu, ya je ya dangwala yatsa a takardar da bai san abin da ke cikinta ba. To, a nan Gana akwai doka tun 1912, wadda ta ce lalle a karanta wa marar karatu takarda, a fassara masa, kafin ya sa hannu. Dokar bashi ta 2020 kuma ta tilasta mai ba da rance ya rubuta yawan ruwan kuɗin tun kafin a ƙulla magana. Adashi, watau susu, ba ruwa, sai dai jiran kwasa. Amma fa wanda ya tsaya wa wani, in an kasa biya, shi ma ana iya kai shi kotu.